Benci Ɗaya a Gindin Itace Domin Masu Damuwa

'Yan'uwa manoma, a cikin wannan takarda mun saba tattaunawa a kan iri da taki, da garmar shanu, da yadda za a tsare hatsi daga ƙwari cikin rumbu. Wannan karo maganarmu a kan manomin ne da kansa. Gama akwai wani ciwo da yake hana mutum fita gona alhali ƙafarsa lafiya lau. In aka kai shi dispensari aka auna jininsa, ba za a ga kome ba. Ba ya barci, abinci ba ya yi masa daɗi, ƙaramar magana sai ya hau faɗa, ko kuwa ya yi shiru kwana da kwanaki. Akan ce yana da damuwa, ko tunani ya yi masa yawa. Daga nan sai a ce Allah ya sawwaƙe, kowa ya kama gabansa.

Ra'ayinmu shi ne, kowace ƙungiyar manoma ta keɓe mutum 2 ko 3, a koya musu aikin, a ba su wuri da rana, domin duk wanda abu ya dame shi ya zo ya zauna a saurare shi, a taya shi neman mafita, ba tare da ya biya ko kobo ba. Muna so a sa wannan cikin kasafin kuɗin ƙungiya kamar yadda ake sa taki.

Magatakardan ƙungiya ya san masu wannan ciwo tun kafin kowa, gama sunayensu suna cikin littafinsa. Ga mutumin da bai taɓa fashin taro ba, yanzu wata 4 ba a gan shi ba, in ya hango ma'aji a kasuwa sai ya sake hanya. Ga matar da ta haihu lafiya, kowa yana murna, ita kuwa tana kuka a ɗaki, ba ta san dalili ba. Ga gwauruwar da dangin mijinta suka karɓe gona tun ba a share makoki ba. Ga yaron da ya zauna jarrabawar WAEC sau 2 bai ci Turanci da lissafi ba, ya daina shiga mutane, ya fara haɗiyar ƙwaya. Ga malamin firamare da albashi ya makara masa, masu bin bashi suna sallama tun da asuba. Ga kuma waɗanda suka gudo daga ƙauyensu saboda hari, har yau ƙarar babur da dare takan tashe su a firgice. Maganar ƙwaya ma ba ƙarama ba ce: binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabaci binciken.

Wa zai ji da su? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na masu taɓin hankali a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, amma mutumin ƙauye yakan kai ɗan'uwansa can sai abin ya gagari kowa. A watan Janairu 2023 shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Doka ce mai kyau, ta ba marar lafiya haƙƙinsa. Amma doka ba ta hawa keke ta zo ƙauye. In muka ce za mu jira likita ya iso kowace gunduma, jikokinmu ne za su gan shi.

Abin da tsofaffin mata suka yi a Harare

Ƙasar Zimbabuwe, can kudancin Afirka, ta sha irin wannan rashi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka ba su kai 20 ba. A 2005 gwamnatinsu ta rushe gidaje da rumfunan talakawa a birane, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 700,000 suka rasa wurin kwana ko hanyar abinci. Ɗaya daga cikin likitocin nan, Dixon Chibanda, ya sha ba da labarin wata budurwa da yake yi wa magani, wadda garinsu yake nesa da Harare, babban birnin ƙasar. Ciwon ya tashi mata a gida, ba a sami kuɗin motar da za a kawo ta ba, ta kashe kanta. Daga nan ya gane cewa maganin da yake birni kaɗai, ga mutumin ƙauye da shi da babu duk ɗaya.

Ya nemi a ba shi ma'aikatan jinya ya koyar da su, aka ce duk suna fama da masu cutar ƙanjamau da mata masu ciki. Ya nemi ɗaki, aka ce babu. Abin da ya samu a 2006 shi ne tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, waɗanda dama suke zaga gidaje suna yi wa mutane bayanin tsabta da lafiya, da kuma bencin katako a filin ƙaramin asibiti. Aka sa wa aikin suna Friendship Bench, watau bencin abota. Matan nan ba su yarda da manyan kalmomin likita ba. Suka ce mutanenmu suna da sunan ciwon a harshensu na Shona, kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani. Da wannan suna aka yi aiki. Ashe mu da su bakinmu ɗaya, gama abin da muke ce masa ke nan.

Ba a tsaya ga yabon baki ba, an gwada abin. Aka ɗauki mutum 573 masu damuwa a ƙananan asibitoci 24 na Harare. Rabi suka zauna a benci da matan nan, waɗanda aka yi wa kwas na kwana 9. Rabi kuwa suka sami kulawar da aka saba bayarwa, tare da ɗan bayani a kan ciwon. Bayan wata 6 aka sake duba su. Cikin waɗanda suka zauna a benci, kamar 14 cikin 100 ne suke da sauran alamun ciwon damuwa. Cikin sauran kuwa, kusan 50 cikin 100. An buga wannan a 2016 a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA. Manomin da ya ga an raba gona biyu, an zuba taki a gefe ɗaya an bar ɗayan, ya san yadda ake karanta irin wannan sakamako.

To, me suke yi a bencin? Akan zauna sau 6, kamar sau ɗaya a mako, kowane zama minti 30 zuwa 45, na farkon yakan fi tsawo. Tsohuwar ba ta ba da magani, ba ta ba da kuɗi, ba ta kuma yin nasiha. Takan bar mutum ya zazzage abin da yake cikinsa. Sa'an nan ta maimaita masa matsalolin da ta ji ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi wacce yake so a fara da ita. Shi zai zaɓa. Shi zai kawo hanyoyin da yake gani, ita tana taya shi aunawa. Shi zai ɗauki hanya ɗaya wadda zai iya yi cikin makon nan, a tsai da rana da lokaci. Mako mai zuwa ya dawo ya faɗi yadda aka yi.

Bari mu kawo misalin gida. A damina ta 2023 cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, gonaki masu yawa suka ruɓe a ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko. A ce wani manomin citta ya ci bashin ƙungiya ya sayi iri, ya yi asara. An koro 'yarsa daga makaranta saboda kuɗi. Shi da matarsa kullum faɗa. Ya fara kwana a gidan burkutu. In ka tambaye shi me ke damunsa, zai ce kome da kome, ko kuwa ya ce babu kome. Dukansu gaskiya ne, gama abubuwan sun cuɗe masa sun zama dutse guda. Mai sauraro zai taya shi rarrabe su. Kowa zai zaci bashin zai zaɓa, amma mai yiwuwa ya ce abin da ya fi cin ransa shi ne ganin yarinyar a gida sa'ad da tsararrakinta suke wucewa da kayan makaranta. Sai a tsaya a nan. Me za a iya yi? A sayar da akuya. A roƙi ƙanensa da yake Kaduna. A je wurin hedimasta a nemi biya kashi 3. A mai da ita makarantar gwamnati. Ya auna, ya ce zai ga hedimasta ran Litinin da safe, kuma zai gaya wa matarsa kafin ya tafi. Bashin yana nan, cittar ba ta dawo ba. Amma mutumin da ya yi wata 3 yana ganin ba abin da zai iya, ya yi abu ɗaya da kansa. Wanda ya kwance ƙulli ɗaya yakan sami ƙarfin taɓa na biyu.

Abin da zai fi wuya ga dattawanmu shi ne riƙe baki. An san dattijon ƙasar nan da nasiha, tun mutum bai gama magana ba an ce masa ya yi haƙuri, kowa da irin tasa, wane ma ya fi shi shan wahala. Haƙuri abu ne mai kyau, amma in an faɗe shi da wuri yakan zama murfi, mai damuwa ya koma gida da kayansa yadda ya zo da su. Saboda wannan ne muka nace a kan kwas. Zuciya mai tausayi ita kaɗai ba ta isa ba.

Masu cewa ba a bukata

Mun san abin da waɗansu za su ce, kuma ba maganar banza za su yi ba. Za a ce, ai muna da fasto, muna da dattawan ikilisiya da zumuntar mata, muna da addu'a. Ba mu ce a bar ko ɗaya ba. Amma a duba. Fasto ɗaya ne, wani wuri yana lura da majami'u 3 ko 4, ga wa'azi, ga jana'iza, ga ɗaurin aure, ga gonarsa. Abin da ya fi wannan, shi da dattawa su ne suke riƙe da horon ikilisiya. Yarinyar da ta yi ciki a gidan ubanta, ko magidancin da ya koma shan giya, ba za su kai kansu wurin wanda zai iya dakatar da su daga cin jibi ba. Sukan yi shiru har abin ya fashe. Akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya, muke shan rijiya ɗaya. Damuwa ba ta tambayar addinin mutum kafin ta kama shi, don haka bencin nan na kowa ne a gari, ba wurin wa'azi ba ne. Wanda ya roƙa a yi addu'a tare da shi, a yi. Wanda bai roƙa ba, kada a ɗora masa. Muna kuma roƙon masu gaya wa mai damuwa cewa rashin bangaskiya ne ya jawo masa, su daina. Ba wanda yake faɗa wa mai zazzaɓin cizon sauro haka.

Waɗansu za su ce al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Tun 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Thomas Adeoye Lambo, ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da suke kewaye da asibitin Aro kusa da Abekuta, kowa tare da wani danginsa, maimakon a kulle su. Duniya ta zo ta koya daga wurinsa, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ikilisiyar Methodist ta buɗe gidan Amaudo a Itumbauzo, cikin jihar Abiya ta yanzu, a 1989 domin masu taɓin hankali da suke yawo a titi. A jihar Binuwai kuma, daga 2011, ita da gwamnatin jiha da ƙungiyar CBM suka shiga koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aiki. Kafin duk waɗannan ma, kowane babban gida yana da kaka ko gwaggo wadda amarya take kai wa kuka. Sai dai gidajen sun watse, samari sun tafi birni, hare-hare sun raba dangi.

Magana ta uku ita ce mai nauyi. Za a ce, matsalarmu ta kuɗi ce, surutu ba ya sayen buhun taki. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kowa ya ji a jikinsa, kuma ba zaman benci da zai sauko da kuɗin mota. Duk wanda ya ce wa matalauci damuwarsa tunani ne kawai, ya zage shi. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, cikin mutum 10 da asara iri ɗaya ta same su, akwai waɗanda za su tashi su shuka wake ko waken soya su rage zafi, akwai wanda zai kwanta har damina ta wuce shi, asara ɗaya ta zama biyu. Wannan na ƙarshe shi ne muke magana a kansa. Na biyu, a Harare waɗanda suka yi zaman benci akan haɗa su ƙungiya, suna hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin leda suna sayarwa. Su sai da suka ƙirƙiro ƙungiyar. Mu kuwa tana hannunmu tuni, da gayya, da adashe, da ikon ɗaga wa mutum ranar biyan bashi. Ba wanda ya fi ƙungiyar manoma dacewa da wannan aiki. Sharaɗi ɗaya ne: kada kuɗi ya bi ta hannun mai sauraro. Ranar da aka ji cewa wanda ya zauna a benci akan yafe masa bashi, layi zai kai bakin kasuwa, mai damuwa na gaske kuwa ba zai sami wuri ba. In mutum ya ga hanyarsa ita ce ya roƙi kwamiti a ɗaga masa, shi zai je da ƙafarsa.

Inda abin zai lalace

A ganinmu abin da zai kashe wannan aiki a ƙauye shi ne baki. Harare birni ne, mutum yana iya zama da tsohuwar da ba ta san kakansa ba. A garinmu kuwa kowa surukin kowa ne. Magana ɗaya ta fita daga benci ta isa bakin rijiya, an gama, ba wanda zai ƙara zuwa ko da shekara 10. Saboda haka zaɓen mutanen ya fi kome. Kada a ba ma'aji, ko shugaba, ko matansu, gama ba wanda zai buɗe cikinsa ga mai binsa bashi. Kada a zaɓa don mutum ya iya magana a taro. A tambayi mata su kaɗai, a tambayi matasa su kaɗai: in abu ya dame ku, wurin wa kuke zuwa? Sunayen da za su fito sau da yawa ba na masu zama a kujerar gaba ba ne. A sami mace domin mata, namiji domin maza, in da hali da wani matashi mai hankali domin 'yan makaranta, don yaron da ya faɗi jarrabawa ba zai faɗa wa sa'an ubansa abin da yake sha ba. Ƙungiyoyi 2 da suke maƙwabtaka suna iya musayar masu sauraro, na nan ya je can, na can ya zo nan, domin mutum ya sami baƙuwar fuska. Kada a rubuta suna a littafi, adadi kawai za a kawo wa taro. Wanda ya fitar da magana, a sauke shi ran nan, ko shi wane ne.

Wurin ma a yi tunani a kansa. Gindin itace a filin dispensari ranar awon jarirai, ko kusa da sito ranar kasuwa, inda mutane suke zuwa domin dalilai dabam dabam. Wurin da ido zai gani, kunne ba zai ji ba. Kada a kafa allo mai cewa ga wurin masu taɓin hankali.

Sai maganar kyauta. Kyauta ne ga wanda ya zauna, amma wani ne zai biya. Matan Harare suna samun ɗan alawus daga hukumar birnin. Mun sha ganin ayyukan sa kai da suka tashi da ƙarfi da rani, da ruwa ya sauka kowa ya koma gonarsa, kuma ba laifinsu ba ne. In mace za ta ba da yini ɗaya kowane mako, ƙungiya ta yi mata gayya sau 2 a damina, ko kowane mamba ya auna mudu ɗaya da kaka. A ware kuma ɗan kuɗin mota wanda ba a taɓa shi sai domin kai marar lafiya asibiti. A tuna abin da budurwar nan ta Zimbabuwe ta rasa. Masu sauraron su ma suna bukatar mai sauraronsu, gama wanda ya kwashi kukan mutane mako bayan mako yakan ɗauki nauyin ya kai gida. Su riƙa haɗuwa da ma'aikacin lafiya sau ɗaya a wata.

Dole kuma su san iyakarsu. Mutumin da yake jin muryoyi, ko yake ganin ana binsa za a kashe shi, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutu ba kai, ko mai jego da hankalinta ya juya, ko mai farfaɗiya, waɗannan na asibiti ne, kuma akwai maganinsu. Wani lokaci ma zazzaɓi mai zafi ne yake rikita mutum, jinkiri kuwa yana iya kashe shi. Kada a sa kowa a mari ko a turu. A watan Nuwamba 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ana ɗaure dubban masu taɓin hankali da sarƙa a Nijeriya, a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Kirista da na Musulmi, har da waɗansu wuraren gwamnati. Sarƙa ba ta taɓa warkar da kowa ba. Haka kuma in ana dukan mace har ranta yana cikin hatsari, ko ana lalata da yaro, wannan ya wuce a rufe. A gaya wa kowa tun zaman farko cewa asirinsa a rufe yake, sai fa inda rai yake cikin hatsari.

Wanda ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara rarraba kayansa yana sallama, kada a ce wasa yake yi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kira wani nasa da ya yarda da shi, a kawar da abin da zai cuci kansa da shi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ran nan. Wannan ya shafe mu manoma fiye da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kamar kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya, maganin ƙwari suke sha. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna saboda haka. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan feshi mafi dafi, kisan kai ya ragu da kamar kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, amfanin gona kuwa bai ragu ba. A can ne kuma aka gwada raba wa gidaje akwatuna masu makulli, aka ga wannan shi kaɗai bai rage ba. Darasin ga ƙungiyar da take sayen magani a dunƙule shi ne, ta tambayi malamin gona wanne ne mai sauƙin dafi da zai yi aikin, ta sayi daidai bukatar damina, ragowar kuma ta koma sito maimakon ƙarƙashin gado.

Ina za a sami kwas ɗin? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari mai suna mhGAP tun 2008 domin koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ta kuma fitar da wani littafi a 2016 mai suna Problem Management Plus, na zama 5, wanda aka shirya domin mutanen da ba likitoci ba. Ba a sayar da su. Magatakarda ya rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da ofishin lafiya na ikilisiya, da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, ya ambaci waɗannan sunaye, ya tambaya wa zai iya koyarwa. Ƙungiya ɗaya ba za ta iya ɗauko malami ba, amma ƙungiyoyi 5 ko 6 na gunduma ɗaya za su iya, kowacce ta aiko mutum 2 da abincinsu. Kada a kafa benci sai an yi kwas, an kuma san sunan ma'aikacin lafiyar da za a riƙa tura masa mutane, shi ma ya yarda. Lokacin da ya dace shi ne tsakanin Janairu da Maris, bayan an gama sussuka, kafin a shiga sharar gona. Wasiƙar kuwa sai ta fita tun a taron bayan kaka, gama ofisoshin nan ba su saurin ba da amsa.